Sai An Gama Gyaran Gida

"Riƙe tsanin nan da kyau, Yaya. Ba kallo na ce ki tsaya yi ba."

"Ai riƙe nake. Ke ce kike kaɗawa a sama kamar tsumma a igiya. Kuma wayarki sai kuka take a aljihu, ki duba mana, kar Mai Tabarau ya ce mun ɓoye ki."

"Ki rage murya, Baba yana bayan tanki."

"To ya ji mana. Shi bai san kina da saurayi ba ne? Ko so yake ya yi ta ajiyarki tare da sifanoninsa?"

Na watsa mata harara daga saman tsanin, na ci gaba da ɗaura wayar fitilu a reshen gwaiba. Amma ba zan ɓoye muku ba, masu karatu, maganar ta shige ni.

Ga wadda yau ta fara shigowa labarina: ni ce auta a gidanmu. Mu huɗu ne, duk mata, uku sun yi aure. Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a sashen gyare-gyare na wani babban asibiti. Famfo, wuta, ƙofa, rufi, babu abin da hannunsa bai sani ba. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya ba shi ni. Tun ban kai tsawon teburin aikinsa ba nake miƙa masa ƙusa. 'Yan'uwana sun tashi da lalle a hannu, ni na tashi da fenti a farce. Littattafan soyayyar da na cinye a rayuwata, rabinsu a kan buhun siminti na karanta su, ina jiran kwaɓi ya sha iska.

Juma'ar da ta wuce Baba ya ajiye aiki. Ranar Lahadi aka shirya masa liyafa a tsakar gida: abokan aikinsa, maƙwabta da dangi. Shi ya sa tun safiyar Asabar gidanmu ya koma kamar kasuwa.

Shi kuwa Mai Tabarau, sunan da gidanmu suka laƙaba masa ke nan, saboda a shagonsa muka haɗu ranar da na raka Baba sauya gilashi. Yana gwada wa Baba, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ita ma 'yarka tana matse ido in tana karatu." Na ce ƙarya ne. Ashe tun shigowarmu yake lura da ni ina fama da takardar da ke manne a bango. Mutum ne mai sanyin magana, doguwar fuska, da 'yan yatsu sirara waɗanda ba su taɓa ɗaukar abin da ya fi ƙaramin sukundireban tabarau nauyi ba. In ya yi dariya sai ya tura gilashinsa sama da bayan hannu. Abin da ya kama ni ke nan, kar ku tambaye ni dalili.

Baba bai taɓa cewa ba ya sonsa ba. Da ma ya ce, da na san inda zan sa kukana. Duk lokacin da Mai Tabarau ya nemi izinin iyayensa su zo a yi magana, amsar guda ce: "Ba zan tari iyayen mutum a gida kamar kango ba. A bari a gama gyara." Da farko rufi ne. Aka gama rufi, sai tanki. Aka gama tanki, sai daɓen tsakar gida. Aka gama daɓe, sai Baba ya gano cewa tagar kicin ta karkace. Ni kuma, sakarya, ni ce mai riƙe masa guduma a duk wannan.

Da na sauko daga tsani na zaro wayar. Saƙonni uku.

"Sannu da aiki, Injiniya. Kin karya kuwa?"

"Gobe zan kawo kujerun da wuri, na samu mota."

Na ukun ya fi sauran tsawo. "Jiya Ummata ta tambaye ni ko gidanku ba sa so na ne, kunyar faɗa suke ji. Ban san me zan ce mata ba. Gobe in baƙi sun ragu zan sake tambayar Baba. In ya ce a jira, ba zan ƙara tambaya ba, Auta. Ba fushi ba ne. Kawai bai dace in yi ta takura wa dattijo a kan abin da ransa bai kwanta da shi ba."

Na karanta, na sake karantawa. Yaya ta leƙo ta kafaɗata ta karanta ita ma, don ba ta san wani abu wai shi sirri ba.

"To fa," ta ce a hankali. "Yaron nan ya gaji."

"Bai gaji ba."

"Ya gaji da ladabi. Ya za ki yi?"

Na dubi tsakar gidan. Ciyawa ta kai idon sawu a gefen katanga, ƙyauren waje yana kuka in an taɓa shi, bangon baya rabi fari rabi toka, tsofaffin katakai jibge a lungu. Na ɗaure ɗankwalina tamau.

"Yau za a gama gidan nan," na ce. "Ko ƙusa ɗaya ba zan bar masa ya fake da ita ba."

Wallahi ranar ban san ina da irin wannan ƙarfin ba. Na sa mijin Yaya a gaba da lauje, mutumin da ko takalminsa ba ya gogewa da kansa, har ya nome ciyawar tas yana ta kukan ciwon baya. Na tsiyaya wa ƙyauren mai har ya daina kuka. Na rage rassan gwaibar da suka sauko suna tsone wa mutane ido. Muka kwashe katakan a baro muka kai bayan ɗakin ajiya. Mama da maƙwabciyarta suna kicin, ƙamshin soyayyar kaza da albasa yana fitowa ta taga yana jan hankalin kowa ban da ni. Mama ta leƙo da ludayi a hannu.

"Auta, zo ki sa wani abu a cikinki."

"Sai na gama bangon nan."

"Bangon zai gudu ne?"

"Shi ba zai gudu ba, Mama."

Ta tsaya ta dube ni, ta dubi Yaya. Yaya ta nuna mata wayata da baki. Can sai ga Mama da kanta ta fito da tsintsiya tana share ganyen da na sare.

Baba kuwa yana cikin jin daɗinsa. Yana sanye da tsohuwar rigar aikinsa mai ruwan bula, fensir a bayan kunne, yana bin bayana yana gyara min riƙon buroshi kamar yau na fara. "Daga sama zuwa ƙasa, Auta. Kar ki cika shi, zai zubo da hawaye." Muna fenti kafaɗa da kafaɗa, yana 'yar waƙarsa ta cikin hanci wadda ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Duk haushin da nake ji, sai na tsinci kaina ina taya shi. Haka muke, ni da shi. Ba mu iya hira a zaune ba, sai da abu a hannu.

Kafin rana ta faɗi, gidan ya zama wani gida. Bango fari fat, daɓe a wanke yana sheƙi, tukwanen furannin Mama jere a gindin katanga, fitilu rataye daga gwaiba zuwa baranda. Na wanke hannuna na je na same shi.

"Baba, zo mu zaga ka nuna min abin da ya rage."

Muka zaga. Ya murɗa famfo, bai ɗiga ba. Ya tura ƙyaure, bai yi kuka ba. Ya ƙwanƙwasa tanki, ya girgiza tagar kicin, har ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ina biye da shi. Da muka dawo tsakiyar daɓen ya tsaya ya daɗe, hannayensa a baya.

"Ba laifi," ya ce.

"An gama ke nan, Baba?"

"Ba laifi," ya sake cewa, ya shige ɗaki.

Na ruga na rubuta wa Mai Tabarau: "An gama. Ka zo da farin yadin nan naka." Ya turo min hoton tabarau da zuciya a gefe. Na fito da doguwar rigata mai ruwan zuma da mayafinta na goge, na rataye a jikin ƙofa inda zan riƙa ganinta daga kan gado. Na riga na shirya yadda zan sunkuyar da kai in ya shigo, da yadda zan ɗago.

Ƙarar diga ce ta tashe ni da safe.

Na fito ko takalmi babu. Mama na tsaye a ƙofar kicin da wuƙa da rabin albasa a hannu, ta kasa gaba ta kasa baya. A tsakiyar daɓen, daidai inda za a kafa rumfar baƙi, Baba ya fasa siminti. Ya ja dogon rami ya nufi katanga da shi, jar ƙasa jibge a gefe guda, ɓaraguzai a ɗaya gefen.

"Malam," in ji Mama, muryarta ƙasa-ƙasa, "yau fa mutane za su zo."

"Na sani. Magudana ce. In damina ta zo ruwa zai kwanta a nan." Bai ɗago ba. "Auta, ɗauko min shebur."

Yaya ta fito tana ɗaura zani, ta ga abin da ake ciki, ta dafe kai ta koma ciki ba ta ce uffan ba. Ranar farko ke nan da na ga bakinta ya mutu.

Ban ɗauko shebur ba. Tunda nake, ban taɓa jin Baba ya ce in miƙo abu na tsaya ba. Na taka har bakin ramin, hawaye na zubo min, ban ma damu da share su ba.

"Baba, ruwa ba ya kwanciya a nan. Ni da kai muka yi daɓen nan. Kai ka sa na riƙe igiya, kai ka ce a ba shi gangare zuwa ƙofa. Damina ta wuce a kansa, ko cokali ɗaya bai tsaya ba."

Ya ɗaga digar, ya sauke ta a hankali ba tare da ya sara ba.

"In ba ka son sa ne, ka faɗa min," na ce. "Zan yi kuka in gama. Amma kar ka sa in yi ta gyara gida da hannuna ina rushe kaina."

Mama ta juya ta shige kicin ta ja ƙofa. Ya rage daga ni sai shi.

Ya zauna a bakin ramin, ƙafafunsa a ciki, ya cire tabaransa yana gogewa da gefen riga, yana ƙara musu datti.

"Yaron kirki ne," ya ce. "Ban taɓa cewa ba yaron kirki ba ne."

Ya mayar da tabaran a ido, ya ci gaba.

"Ɗazu da na tashi, na ɗauko takalmin aikina na goge saboda gobe Litinin. Na goge ɗaya, na goge ɗayan. Sai da na ajiye su a bakin ƙofa na tuna." Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Da yayyenki suka tafi ban ji sosai ba, ina fita da safe in dawo da yamma. Yanzu can sun ce na huta. Nan kuma jiya kin zaga da ni kin nuna min babu sauran abin yi. Na fito na tsaya a nan, na duba gabas na duba yamma, ko'ina lafiya lau. Sai kawai na ga diga a hannuna."

Masu karatu, na zo da faɗa cike da bakina, na neme shi na rasa. Ban taɓa lura da yadda wuyansa ya rame a cikin rigar nan ba. Na zauna kusa da shi, na zura ƙafafuna a ramin ni ma. Ina son mutum biyu, kuma a safiyar nan ji nake kamar duk wanda na matsa kusa da shi, ɗayan zan bari a tsaye shi kaɗai.

Muna nan zaune aka yi hon a waje. Ƙyauren ya buɗe shiru, saboda man da na zuba masa, sai ga Mai Tabarau da kujeru huɗu a kafaɗa, cikin farin yadin da na ce ya sa, guga har tana yanka. Ya ga ramin. Ya gan ni da rigar barci da hijabin Mama da jan ido. Duk sunkuyar da kan da na shirya ta tafi a banza.

Ya ajiye kujerun, ya durƙusa ya gaida Baba. Bai tambayi abin da ya faru ba. Ya dubi ramin daga farkonsa har ƙarshe, ya ce, "Baba, ta ina ruwan zai fita?"

Baba ya ɗago. Ya fara bayani a daƙile, kafin a jima ya miƙe yana nuni da hannu, yana zana layi a ƙasa da tsinke. Mai Tabarau ya naɗe hannun riga ya ɗauki shebur.

Ban taɓa ganin wanda bai iya riƙe shebur ba kamarsa. Ya riƙe shi can ƙarshe kamar mai tsoron ya cije shi. Ɗiban farko, rabin ƙasar a takalminsa ta zube. Na biyu, tabaransa suka sulluɓe suka faɗa ramin. Yaya, da bakinta ya dawo, ta leƙo ta taga ta ce, "Sannu, ƙanina. In ka gaji ka ce, a kawo maka cokali." Ya yi dariya, ya tura gilashin sama da bayan hannu, ya bar jar ƙasa a goshinsa.

"Ni ai ban san komai a nan ba, Baba," ya ce yana haki. "Gidan da na kama ma, in aka yi ruwa har ƙofar ɗaki yake zuwa. Famfon kicin tun da na shiga yake ɗiga, sai na sa masa bokiti."

Na shiga yi masa alama da ido ya yi shiru. Wane saurayi ne zai tsaya gaban uban yarinya yana tallan ɓarakar gidansa?

Baba ya tsaya cak. "Bokiti?"

"In ya cika in zubar. Ƙofar banɗaki kuma da dutse nake tare ta. Akwai wani makunnin wuta a falo, in na taɓa shi sai fitilar baranda ta mutu, ban san haɗinsu ba."

"Ya kashe kansa," Yaya ta raɗa min, ta riga ta iso bayana.

"Tun yaushe makunnin yake haka?" in ji Baba.

"Tun da na shiga."

"Kuma kake kwana a ciki." Baba ya girgiza kai, amma na san fuskar nan. Ita yake yi in an kawo masa rediyon da kowa ya ce ya mutu. "Bangon yana danshi ta ƙasa?"

"Ina jin yana yi. Fentin yana tashi."

Ya faɗi haka, sai ya dube ni ta saman gilashinsa, kallo ɗaya, ya mayar da kai kan shebur. Har yanzu da nake rubuta muku ban sani ba ko wauta ce ta sa shi, ko kuwa mutumin da ya gane ina matse ido ba tare da ya dube ni ba ya gane wani abu a fuskar Baba. Na tambaye shi, ya ce shi dai gaskiya ya faɗa.

Lokaci ya ƙure, ramin ba zai rufu ba. Muka dawo da katakan da na wahala na kwashe jiya, muka shimfiɗa a kai, Mama ta ba da tsohuwar dardumar falo aka rufe, aka ɗora teburin kek da lemo don kar wani ya taka. Mijin Yaya ya ara wa Mai Tabarau riga, ta yi masa yawa kamar an rataye ta a ƙusa. Ni kuma na samu na shiga rigata mai ruwan zuma, sai dai jar ƙasar da ke farcena ta ƙi fita.

Liyafa ta yi kyau. Abokan aikin Baba suka cika rumfa, suna ba da labarin ranar da ya shiga cikin tankin asibiti da kayansa. Aka ci, aka yi dariya, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta yi masa addu'a har Mama ta share ido. Duk wanda ya nufi teburin kek sai in bi ƙafarsa da ido, katakan suna ɗan lotsawa. Ni dai rabon abinci nake, amma ban san abin da na zuba wa kowa ba. Baba bai ce min komai ba tun safe. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da la'asar ta yi sanyi baƙi suka ragu. Ina tattara kujeru na ga Mai Tabarau ya nufi inda Baba yake zaune da Mama a baranda. Tafin hannunsa duk ya yi bororo, yana ɓoye shi a cikin hannun rigar aro. Na laɓe a bayan tulin kujerun, Yaya ta laɓe a bayana, ta riƙe min mayafi kamar zan gudu.

Ya durƙusa. "Baba, dama maganar da na taɓa…"

Baba ya ɗaga masa hannu. Na rufe ido.

"Auta, fito daga bayan kujerun nan, ina ganin ƙafarki."

Na fito, kaina a ƙasa, wannan karon ba shiri ba ne.

Baba ya gyara zama, ya dubi Mama, ya dubi Mai Tabarau, ya yi magana da muryar da yake ba da umarni a wurin aiki.

"Ka gaya wa iyayenka su zo Asabar mai zuwa. Ramin nan ko an rufe ko ba a rufe ba, su zo, a kansa za mu zauna mu sa rana. Amma 'yata ba za ta shiga gidan da ake tare ƙofa da dutse ba. Ka bar min makulli kafin ka tafi. Gobe da sassafe zan je in fara da famfon."